Ɗanɗano da Samfur: Darasi a Kan Kyautar 'Yan Kasuwa

A zangon karatun da ya wuce 'yan'uwana ɗalibai suka zaɓe ni in shiga cikin masu lura da abincin kwaleji. Ran wata Asabar aka haɗa ni da dattijon da ke shugabantar masu dafa abinci, aka ba mu kuɗi mu sayo wake buhu shida. Da muka isa kasuwa wani mai hatsi ya tarye mu da fara'a, ya kwance bakin buhu, ya ɗebo wake ya zuba mini a tafin hannu. Fari ne tas, manya-manya, ba tsakuwa, ba ƙwaro. Ya kuma cika mini aljihu da shi, ya ce in tafi da shi kyauta in nuna wa shugabanninmu. Dattijo ya ce mu dakata ya aro ƙarfen nan da a ke soka buhu da shi. Na ce, "Haba Baba, ai mun gani da idonmu." Ya ce, "Malam, bakin buhu ka gani, ba ka ga cikinsa ba." Ni kuwa kunyar mai kaya ta kama ni, gama ga wakensa a aljihuna, sai na sallama ciniki.

Kwana goma ba su cika ba asiri ya tonu. Daga an wuce kamar taƙi ɗaya a bakin kowane buhu, sai tsohon wake wanda ƙwari suka huhhuda, ga gari, ga tsakuwa. Waɗanda suka buga kwanoni a ɗakin cin abinci a makon nan ba su manta ba, ni ma ban manta ba. Wannan ne ya sa na shiga bincike a kan kyautar da 'yan kasuwa ke bayarwa, na kuma ga ya kamata in rubuta abin da na samu, domin mu da za mu fita mu koyar da yara.

Abin da darasin ke koyarwa a taƙaice shi ne: ɗanɗano da samfur ba sadaka ba ne, alkawari ne. Mai kaya yana cewa, "Yadda ka ga wannan, haka sauran su ke." Aikin mai saye shi ne ya duba ko alkawarin gaskiya ne tun bai saki kuɗinsa ba.

Kalmomi Uku

Kafin mu yi nisa, bari mu rarrabe kalmomi uku da mutane kan gauraya.

Ta fari ita ce ɗanɗano. Shi ne ɗan abin da mai kaya kan ba ka kafin ciniki don ka ji da bakinka. Mai tsire ya kan yanko 'yar tsoka ya miƙo maka a bakin wuƙa. Mai kankana ya kan yanka tsaga. Mai turare ya kan shafa maka a bayan hannu. Duk ɗanɗano ne, ko da shi ke ba duka a ke sa wa a baki ba.

Ta biyu ita ce gyara. Wannan bayan ciniki ya faɗa a ke yin ta, kamar yadda mai ƙosai kan ƙara maka ɗaya a kan na kuɗinka, ko mai gero ta ƙara maka tafi guda bayan ta cika mudu. Ɗanɗano yana neman cinikin yau, gyara tana neman na gobe.

Ta uku ita ce samfur, kalma ce da muka aro daga Turanci. Samfur shi ne ɗan yanki da a ke cirowa daga kaya masu yawa don ya tsaya a madadin sauran. Kamfani ya kan raba samfur ga jama'a don talla, ɗan kasuwa kuma ya kan nemi samfur daga masu ƙera kaya kafin ya saro. Watau samfur yana da fuska biyu, ɗaya tana duban mai saye a kanti, ɗaya tana duban mai sari. Za mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Don Me Mai Kaya Ke Ba Da Nasa Kyauta?

Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Akwai dalilai huɗu.

Na ɗaya, don kawar da shakka. Gani ya kori ji, ɗanɗano kuwa ya kori gani. Mutum ba ya son ya ba da kuɗinsa a kan abin da bai sani ba. A birnin New York na Amurka an yi wani mai yin sabulu, Benjamin Babbitt, wanda ya rasu a 1889. Yana cikin na farko da suka riƙa naɗe sabulu ɗai-ɗai cikin takarda mai suna, kuma yana cikin na farko da suka riƙa raba shi kyauta don mata su gwada a gida. Haka kuma masu Coca-Cola, sa'ad da ba wanda ya san abin shansu, suka riƙa raba 'yan takardu waɗanda in mutum ya kai kanti a ke ba shi kofi ɗaya ba ko kwabo. An ƙiyasta cewa tsakanin 1894 da 1913 an sha kofi miliyan 8 da rabi ta wannan hanya.

Na biyu, don a gane abin da mutane ke so. William Wrigley ya zo birnin Chicago a 1891 yana sayar da sabulu. Don masu kantuna su saya, sai ya riƙa haɗa musu da kyautar hodar nan da ke sa burodi ya kumbura. Ya ga sun fi son hodar, sai ya koma sayar da ita, yana haɗawa da kyautar cingam. Nan ma ya ga cingam ya fi farin jini, sai ya bar kome ya kama sana'ar cingam. A 1915 ya aika da cingam kyauta ta gidan waya zuwa ga mutanen da sunayensu ke cikin littattafan lambar tarho na Amurka, gida fiye da miliyan 1 da rabi. Kun ga ashe kyauta ta zama masa ma'auni.

Na uku, don a ɗaure mutum da bukata. A farkon ƙarni na 20 kamfanin mai na Standard Oil ya so ya sayar da kananzir a ƙasar Sin, inda mutane suka saba da man gyaɗa da irinsa wajen kunna fitila. Sai ya riƙa raba 'yan fitilu, waɗansu kyauta, waɗansu da ɗan kuɗi kaɗan. Fitila sau ɗaya a ke ba da ita, amma kananzir kullum dare sai an saya. Dabarar nan tana nan har yau. In an ce ka yi amfani da wani abu a wayarka wata ɗaya kyauta, fitila ce aka ba ka, kuɗin kananzir yana tafe.

Na huɗu, shi ne wanda ya kama ni a kasuwa, watau kunya. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In ka karɓi tsokar mai tsire, ƙafarka ta kan yi nauyi, ba ka iya wucewa sai ka ce a yanka maka ko na kaɗan ne. Banda kunya kuma, ita kanta kalmar "kyauta" tana da wani maganaɗisu. Wani malamin jami'a a Amurka, Dan Ariely, ya ba da labarin gwajin da suka yi da abokan aikinsa cikin littafinsa na 2008. Suka aje cakulan iri biyu, mai kyau ƙwarai a kan kwabo 15 na Amurka, da na yau da kullum a kan kwabo 1. Mutum 73 cikin 100 suka zaɓi mai kyau. Sa'an nan aka rage kwabo ɗaya a kan kowanne, mai kyau ya koma 14, ɗayan ya zama kyauta. Nan da nan 69 cikin 100 suka koma wajen na kyauta. Tazarar kuɗin ba ta sake ba, amma hankalin mutane ya sake.

Wa Ke Biya?

Ga lissafi wanda ko 'yan aji biyar za su iya yi. A ce wata mata tana yin sabulu a gida. Ta yanka ƙanana guda 200 don rabawa, kowanne ya ci mata naira 50. Watau ta kashe naira 10,000. Ribarta a kan kowane babban sabulu naira 100 ce, saboda haka sai ta sayar da guda 100 kafin ta mai da kuɗin kyautarta.

In mutum 20 cikin 200 suka ji daɗinsa, kowa yana sayen ɗaya a wata, ribarta naira 2,000 ce a wata. Cikin wata 5 ta fanshe, abin da ya biyo baya kuma nata ne. Amma in mutum 5 kaɗai suka dawo, naira 500 ce a wata, sai ta yi wata 20 tana jira. In kuwa ba wanda ya dawo, ta yi asara ke nan.

Lissafin nan yana koya mana abu uku. Da fari, kuɗin samfur daga aljihun masu saye ya ke fitowa daga ƙarshe. Na biyu, samfur ya fi amfani ga kayan da a ke saye a kai a kai, kamar sabulu, da shayi, da man shafawa. Ba wanda ke raba keke kyauta, gama wanda ya samu ɗaya ya gama saye. Na uku, samfur abokin mai kaya na gari ne. In sabulu ba ya kumfa, raba shi kyauta shela ce ta tona wa kai asiri. Don haka in ka ga mai kaya yana ƙin a taɓa, ko a buɗe, ko a gwada, to, ka yi hattara.

Samfur Wajen Sari

Yanzu mu juya ga ɗaya fuskar. Mai kanti da ke ba ka ɗanɗano, shi ma mai saye ne a wani wuri, kuma hatsarinsa ya fi naka. In ka sayi mudu ɗaya marar kyau, abincin dare ɗaya ka ɓata. In ya saro buhu 100 marasa kyau, jarinsa ya tafi. Ba shi yiwuwa ya zazzage buhu 100 ya duba, tilas ya dogara ga samfur, in ba haka ba ya yi cinikin biri a sama.

A manyan kasuwannin hatsi, kamar Dawanau ta Kano ko Bodija ta Badun, za ka ga dillalai riƙe da wani ƙarfe mai tsini mai rami a ciki. Su kan soka shi a gindin buhu, da tsakiya, da gefe, hatsi ya gangaro a hannunsu. Shi ne ƙarfen da dattijo ya so ya aro na hana shi. A zamanin dalar gyaɗa a Kano ma da samfur a ke aiki. An kafa hukumomin cinikin gyaɗa da na auduga a 1949, ma'aikata kan ɗebi kaɗan su duba kafin a karɓi kaya, auduga kuma a raba ta lamba ɗaya, lamba biyu, lamba uku, kowace da kuɗinta. An rushe hukumomin a 1986, amma duba samfur bai mutu ba.

Buhu nawa ya kamata a soka? Ga wani lissafin. A ce cikin buhu 100 akwai 10 marasa kyau. In ka soka ɗaya kaɗai, sau 9 cikin 10 mai kyau za ka taras, ka tafi kana murna. In ka soka 10, ka zaɓe su barkatai, har yanzu kusan sau 1 cikin 3 ba za ka ci karo da ko ɗaya marar kyau ba. In ka soka 20, sai ya ragu zuwa kusan sau 1 cikin 10. Wannan kuwa in kai ne ka zaɓa da kanka. In mai kaya ne ya zaɓa maka, to, lissafi bai da sauran amfani, gama ba wanda ke nuna ruɓaɓɓen gefen doyarsa.

A yau sari ya wuce kasuwannin gida. 'Yan kasuwanmu na Kantin Kwari, da Anaca, da Aba, da Ikko su kan tafi birnin Guangzhou na ƙasar Sin, inda a ke cin babbar kasuwar baje koli sau biyu a shekara tun 1957. Waɗansu kuma ba su zuwa ko'ina, ta intanet su ke ganin hoto su yi magana da masu masana'anta. A irin wannan ciniki samfur ba kullum ya ke zama kyauta ba. Sau da yawa mai saye ne ke biyan kuɗin aikowa, wani lokaci har da kuɗin samfurin, sai in ya yi babban oda a cire masa. Gogaggen ɗan kasuwa ba ya jin zafin wannan, gama ya san araha ce a kan asarar kwantena guda.

Ga ƙa'idodi biyar da masu hankali ke bi:

1. Ka zaɓi samfur da hannunka, daga wurare dabam dabam, kada ka tsaya a kan wanda aka miƙo maka.

2. Ka nemi samfur daga masu kaya biyu ko uku, ka jera su ka gwada.

3. Ka gwada shi yadda mai saye zai yi amfani da shi. Atamfa a jiƙa ta a ga ko tana zuba, takalmi a taka shi, shinkafa a dafa ta.

4. In kun shirya, a raba samfur biyu, a sa wa kowanne hannu da kwanan wata, kai ka riƙe ɗaya, shi ya riƙe ɗaya. Shi ne shaida ran gardama.

5. Kada ka gama biya sai ka gwada kayan da aka ɗaure da samfurin da ke hannunka. Wani ya kan yi samfur da hannun gwani, sa'an nan ya yi sauran da hannun almajiri.

Abin da Doka da Addini Suka Ce

Dokar cinikin kaya ta Ingila ta 1893, wadda Nijeriya ta gada, jihohi da dama kuma suka yi nasu a kan tsarinta, ta yi magana a kan wannan a sashe na 15. Ta sa sharuɗɗa uku ga cinikin da aka ƙulla bisa samfur. Tilas sauran kaya su yi daidai da samfur wajen kyau. Tilas a ba mai saye dama ya gwada su da samfur. Kuma kada kaya su kasance da wani ɓoyayyen aibi wanda dubawar mai hankali ba za ta nuna ba.

Wata shari'a da aka yi a Ingila a 1960, wadda a ke kira Godley da Perry, ta bayyana sharaɗi na uku. Wani yaro ɗan shekara 6 ya sayi danƙon harbi na roba a kanti. Yana cikin harbi abin ya karye, ya tsiyaye masa ido ɗaya. Mai kanti ya saro su ne bisa samfur, an kuwa gwada samfurin ta wurin jan danƙon, ba a ga kome ba. Alƙali ya ce mai kanti ya biya yaro diyya, amma wanda ya sayar wa mai kanti shi zai biya mai kanti, shi kuma ya bi wanda ya shigo da kayan daga Hong Kong. Dalili, ba a bukatar mai saye ya farfasa samfur kafin a ce ya duba.

Akwai aibin da ido ba ya gani sam. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, domin samfurorin da aka auna a ɗakin bincike sun nuna maganin ƙwari mai suna dichlorvos fiye da kima. Waken yana da kyan gani, ba ƙwaro ko ɗaya, amma abin da ya kashe ƙwarin yana nan a jikinsa. Ku duba fa, 'yan samfurori kaɗan suka rufe wa manoman ƙasa guda ƙofa.

Tun kafin dokar Turawa addini ya riga ya yi magana. Annabi Amos, a sura ta 8 ta littafinsa, ya tsauta wa 'yan kasuwar da ke rage mudu, suna sayar da sharar alkama a matsayin alkama. 'Yan'uwanmu Musulmi kuma suna da labarin yadda Annabi Muhammadu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin hatsin wani mai sayarwa, ya ji danshi a ƙasa alhali sama busasshe ne, ya hore shi a kan algus. Ashe dai zuba mai kyau a bakin buhu tsohuwar cuta ce.

Inda Kyauta Ke Zama Tarko

Duk abin da muka faɗa a baya asarar kuɗi ce. Akwai inda samfur ke jawo asarar rai, ko da shi kansa samfurin ba shi da algus.

Babban misali shi ne madarar gwangwani ta jarirai. A shekarun baya kamfanoni sun riƙa raba ta kyauta ga masu jego a asibitocin Afirka, da Asiya, da Kudancin Amurka. Ga yadda tarkon ke kamawa. Nonon uwa yana zuwa ne gwargwadon yadda jariri ke tsotsa. In an fara ba shi kwalba, tsotsonsa ya kan ragu, nono kuma ya ja baya. Ran da gwangwanin kyauta ya ƙare, nono ya riga ya ƙafe, tilas a saya. Matalauciya sai ta riƙa tsinka madarar da ruwa mai yawa don ta daɗe, ruwan kuma sau da yawa ba mai tsabta ba ne. Daga nan sai zawo, sai rama, wani lokaci sai kabari.

Wata likita, Cicely Williams, wadda ta yi aiki a ƙasar da a ke kira Ghana yanzu, ta yi kashedi a kan tallar madarar gwangwani ga jarirai tun 1939, cikin wata lacca a Singapore. A 1977 aka fara ƙaurace wa kayan kamfanin Nestlé a Amurka saboda wannan batu. A watan Mayu na 1981 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da ƙa'idar da ta hana ba masu ciki, da masu jego, da iyalansu samfurin irin wannan madara. Ƙasashe 118 suka yarda, Amurka kaɗai ta ƙi. Nijeriya ta yi tata dokar a 1990, hukumar NAFDAC ce ke lura da ita. Shawarar likitoci ita ce nonon uwa zalla har wata 6.

Taba ma haka ta ke. Karan farko na kyauta shi ne mafi tsada a rayuwar mashayi, gama sauran duka shi zai saya har tsufansa. Shi ya sa ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar yaƙi da taba a 2003, Nijeriya kuma ta yi doka a 2015 wadda ta hana sayar da ita ga wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma ƙuntata tallarta ƙwarai. Haka nan mai maganin da ke shiga mota yana raba ƙwaya don a gwada, a guje shi. Magani ba tsire ba ne da za a ɗanɗana.

Abin da Ya Shafe Mu Malamai

Wani zai ce, "Ni malami zan zama, ina ruwana da kasuwa?" Kasuwa za ta iske ka har cikin aji. Masu buga littattafai su kan kawo wa malamai kwafi kyauta don a sa littafinsu cikin jerin da za a ba iyaye. Ba laifi ba ne a karɓa a duba, don haka aka yi shi. Amma ka tuna kai aka ba ɗaya, iyaye 40 ne za su biya. In ka zaɓi littafi saboda kunyar wanda ya kawo, ko saboda 'yar jakar da ya haɗo maka da ita, ka yi abin da na yi a kasuwar wake, da kuɗin waɗansu. Kamfanoni kuma su kan zo makaranta su raba wa yara man goge baki, ko biskit, ko taliya. Kada ka yarda a raba kome sai da iznin shugaban makaranta, sai ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ka kuma tambayi kanka ko abin zai amfani yaro, ko kuwa so a ke ya koma gida ya dami uwarsa da kuka.

Ga hanyar koyar da darasin nan a aji. Ka sami ƙwarya, ka zuba ƙwayar farin wake 90 da ja 10. Da fari ka sa jajayen a ƙasa, ka rufe su da farare, ka kira yaro ya ɗebi 10 daga sama, ka tambayi aji abin da ke cikin ƙwarya. Za su ce fari ne duka. Sa'an nan ka gauraya, ka sa yara goma su ɗiba bi da bi ido a rufe, kowa ya ƙirga jajayen da ya samu a rubuta a allo, ya mayar. Da kansu za su gane bambancin samfurin da aka shirya da wanda aka ɗiba barkatai, kuma za su ga ɗiba ɗaya ba ta isa ba. Daga nan ka koya musu tambayoyi uku da za su riƙa yi duk sa'ad da aka miƙo musu kyauta a kasuwa: Wa ya zaɓi wannan? Sauran haka su ke? Me zai ci mini gobe?

Ka kuma koya musu cewa ɗanɗano ba bashi ba ne. Wanda ya ɗanɗana bai ji daɗi ba, ya yi godiya ya wuce, bai yi rashin kunya ba. Amma wanda ke zagaya masu tsire yana cika cikinsa da ɗanɗano, ba shi da niyyar saye, shi ma algus ya yi. Yaranmu da yawa 'yan kasuwa za su zama, sai su tashi da sanin cewa kyan alkawari cikawa, bakin buhu da gindinsa su zama ɗaya.

Ni dai a wannan zango na koma kasuwa tare da dattijo. Wani mai hatsi ya miƙo mini wake a hannu, na ce, "Na gode, Alhaji, amma bari Baba ya soka." Dattijo ya dube ni ya yi murmushi, ya ce, "Yanzu Malam ya fara karatu."

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin ɗanɗano, da gyara, da samfur? Kawo misalin kowanne daga kasuwar garinku.

2. Mai shayi ya raba ƙulli 300 kyauta, kowanne ya ci masa naira 40. Ribarsa naira 80 ce a kan kowane fakiti. Fakiti nawa zai sayar kafin ya mai da kuɗinsa?

3. Faɗi sharuɗɗa uku na cinikin da aka ƙulla bisa samfur.

4. Don me aka hana raba madarar jarirai kyauta, alhali ba a hana raba sabulu ba?

5. An kawo maka littattafan lissafi iri biyu kyauta, ɗaya an haɗo da kyautar agogo. Yaya za ka yi ka zaɓa?